Farantin Zakaru Biyu

Har ya ɗora shi a kan sikeli na fizge. Baban bola ne, irin masu tura kura suna sayen tsohon ƙarfe, matar ɗana ce ta kira shi tana gyaran ɗaki. Wai kwandem ne, Mama, ya tare wuri. Na ce mata ita ce kwandem. Farantin tagulla ne, faɗinsa ya fi faifai biyu, ya yi baƙi ya yi kore, amma ina sa hanci na ji ganyen goro. Ko dai hancina ne ke min ƙarya, oho.

Ku yaran yanzu in an ce ƙwallo sai ku nufi gidan kallo, ku yi ta faɗa a kan Turawan da ba su san an haife ku ba. Mu a Agege muna da namu. Akwai lig na unguwanni, ana tara maki har ƙarshen shekara. Akwai kofi, shi kuma sili-ɗaya-ƙwale ne, in an cire ka sai baɗi. To kafin a buɗe sabuwar shekara, idan ruwa ya fara ɗaukewa fili ya sha iska, sai a haɗa zakaran lig da zakaran kofi su kara sau ɗaya. Shi ne wasan faranti. Ba a ba kowa farantin ya tafi da shi gida. Cika shi ake da farin goro, wanda ya yi nasara ya fara ba waɗanda ya doke, sannan a raba wa 'yan kallo. Daga nan a kai wa wani maƙeri Bayarabe a Oyingbo ya sassaƙa suna a baki, a dawo da shi ɗakin Baba.

Baba ne mai ajiya, don fataken goro duk sun yarda da shi. Shi bai taɓa buga ƙwallo ba, ko lemo ya faɗi ba zai sa masa ƙafa ba. Inna ke wanke farantin da toka da lemon tsami, ni kuma nake ɗaukarsa a ka zuwa filin bayan tashar jirgin ƙasa, an yi min kitso sabo, ina tafe ana buɗe min hanya. Duk rayuwata ba a sake buɗe min hanya haka ba, har ranar aurena.

Yayana gola ne a ƙungiyar Layin Goro, 'ya'yan haifaffun Legas, masu zagin alƙalin wasa da Yarbanci don kada dattawa su ji. Akwai 'Yan Dako, baƙi daga Arewa masu sauke buhu a tasha, ba takalmi suke bugawa amma in sun taka ka sai ka kwana biyu. Akwai Mahauta. To shekarar da abin ya lalace, Mahauta suka ci lig, suka zo suka ci kofi. Duka biyun. Da wa za su kara, da inuwarsu?

'Yan Dako suka ce su ne na biyu a lig, su za a ba. Su Yaya suka ce su suka je wasan ƙarshe na kofi, da fanareti ma aka doke su. Ba wanda ya taɓa tunanin haka za ta faru, ba a rubuta komai ba, dama wa zai rubuta? Dattawa suka zauna a zaurenmu. Ina kai musu ruwa ina ji. Ɗaya ya ce baƙo ba ya rigan ɗan gida. Ɗaya ya ce wa ya zo Legas da ƙasa a aljihu, kowa a nan baƙo ne. Aka koma tonon asalin kakanni, wane soja ne ya zo da shi, wane a bayan shanu ya iso. Ƙwallo ta ɓace a maganar.

Kowa ya san in Baba ya buɗe baki an gama. Sarkin fawa da kansa ya ce masa ya yanke, duk wanda aka ba su za su buga. Amma Yaya ɗan fari ne. Baba ko sunansa ba ya kira, balle a ce ya tsaya masa a gaban mutane. In kuma ya ba 'Yan Dako, ya san ya zalunci yaron don kawai a ce shi adali ne. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, can ya ce, “A bari sai bayan Sallah.”

Ni wannan kunyar har yau ban ga amfaninta ba. Allah ya jiƙansa, amma ban gani ba.

An riga an zaɓi goron, an jera shi a ganye. Ni aka sa kula da shi. Duk sati in buɗe, in yayyafa ruwa, in sauya ganye, in tsince wanda sankara ta kama. Sallah ta wuce. Aka ce sai sarkin fawa ya dawo daga tafiya. Ya dawo. Aka ce ruwa ya sauko. Yaya kullum da yamma yana bakin fili yana atisaye yana faɗuwa a taɓo, abokinsa ɗaya na buga masa. Goron yana raguwa, har ranar da na buɗe na tarar gari ne da tsutsa. Inna ta ce in kai bola kada Baba ya gani. 'Yan Dako suka yi fushi suka fita daga lig. Lig ya mutu, kofi ya bi shi. Filin yanzu garejin motocin danfo ne.

Sai da na haura sittin na shiga ajin manya a masallacinmu, na koyi karatu. Ranar nan da na ƙwace farantin na wanke shi da toka, na sa tabarau, na bi bakinsa da yatsa. Mahauta. 'Yan Dako. Mahauta. Wasu ma na manta da su. Yaya ya yi shekara da shekaru yana gaya wa jikoki sunan Layin Goro na jiki. Na zagaya sau uku, babu. Sai wani gurbi a ƙarshe, fili fes, daidai tsawon suna ɗaya.

Na ce to ni zan gama abin da maza suka kasa. Na sa aka nemo min waɗanda suka rage. Yaya yana nan, da sanda, ido ɗaya ya tafi. Ɗaya daga 'Yan Dako yana kasuwar Mile 12, ya zama babban dillalin albasa, oga ake ce masa. Da wani tsohon mahauci da ba ya ji sosai. Na sayi farin goro na cika farantin, na ɗauka da kaina, na ajiye a gabansu a ƙofar gidan Yaya bayan la'asar. Na ce kowannenku yana da jikoki masu ƙafa, makarantar firamare ta yarda ta ba mu fili ranar Asabar, a buga a wuce wurin, in ga an cike gurbin nan kafin in mutu.

Suka yi ta shafa farantin. Mai albasa har da share ido. Ya ce madalla da Hajiya, jikokinsa za su fito su kara da na Mahauta.

Yaya ya ɗago. “Jikokin wa? Mu muka je wasan ƙarshe.”

“Malam, kun je an doke ku. Mu ne na biyu a lig.”

“Na biyu! Ana ba na biyu goro a garinku?”

Na ce ku yi wa Allah, Layin Goro su fara bugawa da 'Yan Dako, wanda ya ci ya gamu da Mahauta. Duka biyun suka juyo kaina, wai ba haka ake yi ba, mace me ta sani a ƙwallo. Na taɓa tsohon mahaucin, na ɗaga murya a kunnensa na ce shi me ya gani. Ya ɗauki goro ɗaya, ya fasa, ya jefa a baki, ya tauna a hankali.

Ya ce, “A bari sai bayan Sallah.”

Na juye musu goron a kan tabarma, na ɗauki farantina.