Takardar da Muka Kai wa Malam Bube a Kalgo

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a motar abokina, da takarda ɗaya a aljihuna. Dukanmu tsofaffin 'yan wasan zari-ruga ne na wata ƙaramar ƙungiya da ke tara samarin Gwandu da Kalgo. Mai horar da ita, Malam Bube, ya fi shekara ashirin yana riƙe da ita, kuma a hannunsa muka koyi wasan. Shekara biyu ke nan ƙungiyar ba ta ci wasan kirki ba. Tsofaffin 'yan wasa muka yi ta gardama a waya, daga ƙarshe masu cewa ya sauka suka yi rinjaye. Ni na fi kowa zafi, shi ya sa aka ɗora mini kai takardar.

Hanya lafiya lau har Tambuwal, sai dai tsadar mai ta sa abokin nawa ya riƙa kashe mota a kowace gangara, mu kuma muna ta salati. Da hantsi muka shiga Gwandu. A bakin kasuwa wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri, har cokali na tsayawa a ciki. Wanda ya ce shi ba ya jin yunwa, shi ya nemi ƙari.

A gidan Malam muka tarar da matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ta ce kyaftin ɗin ƙungiyar ya ɗauke shi a babur zuwa atisaye a Kalgo. Na yi mamaki, don Malam bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba. Za mu tafi ta ce, "In kun isa, kowa shi faɗi sunanai in za shi gaishe shi." Muka yi dariya, mun ɗauka tsiya take mana don mun daɗe ba mu zo ba.

Muka bi ta Kambaza, gero da dawa sun rufe hanya dama da hagu, shanu na tsallakawa ba su san da zamanmu ba. Bayan azahar muka isa Kalgo, muka ci shinkafa da soyayyen kifi a tsaye, muka nufi fili.

Tun daga nesa muka jiyo muryarsa yana yi wa wani faɗa kan ya saki ƙwallo da wuri. Yana tsaye da usur a wuya, kyaftin na gefensa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na yi sallama, na miƙa hannu. Malam ya miƙo nasa, amma can gefe, inda babu kowa.

Na kalli idanunsa, a buɗe suke, amma ba ni suke kallo ba. Abokina ya dafa kafaɗata yana ta innalillahi. Ashe hawan jinin ido ya cinye masa gani kusan shekara biyu. Kyaftin ke faɗa masa inda kowa yake, sauran kuma da kunne yake kamawa. 'Yan wasan duk sun sani, suka rufa masa asiri.

Da na faɗi sunana, ya riƙe hannuna gam. "Ɗiyana, na san abin da yak kawo ku, kuma kuna da gaskiya. Ni kaina na gaji. Sau nawa na kira wayarka bara?"

Na sunkuyar da kai. Na tuna kiran, sau huɗu ko biyar. Na ɗauka taimakon riguna zai nema, na ƙi ɗauka. Sauran biyun ma suka sunkuyar da kai.

"Magaji nike nema," in ji shi. "In na aje yau, gobe filin ga awaki za su gaje shi." Ya cire usur ɗin daga wuyansa ya miƙo. "To, wa za ya amsa?"

Samari wajen ashirin suka zuba mana ido. Mu uku, ƙarti, masu cika baki a waya, babu wanda ya motsa. Hannunsa na nan a miƙe. Kunya ce ta tura ni, ba jarumta ba. Na karɓa, na mayar masa a wuya, na ce ya ci gaba da riƙewa, ni kuma zan riƙa zuwa duk Asabar ina koyo har ranar da ya ga na isa. Ya yi murmushi ya ce, "Gani kam sai dai in ji."

Muka dawo ta hanyar Jega. Da magariba muka shiga Sakkwato. Na rubuta wa sauran abin da muka tarar, na tambayi wa zai riƙa raka ni. Cikin duk masu cewa a sauke shi, mutum biyu ne suka amsa.

Abin da na koya bai da yawa. Shekara biyu muna yanke wa mutum hukunci daga nesa, tafiyar rabin yini ta gagare mu mu je mu dube shi. Yanzu duk wanda ya ce mini a sauke Malam Bube, ba na musu da shi. Cewa nake ya shirya, mota na tashi ranar Asabar.