Ruwan da ya tsaya a bayan silin

Shekarun baya, lokacin da nake jin duk Kaduna babu wanda ya kai ni iya silin na ado, wata Hajiya ta ba ni aikin babban shagonta na atamfa da leshi a hanyar Kudenda. Kafin in zo, wani dattijo mai aikin famfo ya riga ya ja bututun kashe gobara a sama, da ƙananan kawuna masu 'yar kwalba ja, waɗanda ke fashewa su fesa ruwa in zafi ya kai musu. Mutumin kudancin jihar ne, tsohon ma'aikacin masaƙa. Baba muke ce masa.

Silin da na zana ya sauko ƙasa da kawunan sosai. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Yarona, kafin ka rufe ka kira ni in sauko da su. Ruwa ba ya huda silin."

Hajiya kuwa ta ce, "Waɗannan abubuwan kamar kaska a kunnen akuya? Malam, rufe su kawai."

Tsakani da Allah ba ta tilasta ni ba. Ni ma ba na son a huhhuda mini aiki, hotonsa nake so in ɗauka. Na rufe, na shafe, na yi fenti, ban kira Baba ba. Har ina ce wa abokina tsoho ya cika tsoro. Ka ji gwani.

Ba a shekara ba, wata Juma'a an tafi masallaci, wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, wayar wuta ta kama. Kawunan sun fashe a makare, ruwan ya yi ta taruwa a bayan silin ɗina, kaya na ci da wuta a ƙasa. Sai da silin ya jiƙe ya rufto, lokacin ko ƙyalle bai saura ba. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Gari ya ɗauka cewa famfon Baba ne bai yi aiki ba. A gabana ake faɗa, na yi gum. Aiki ya ƙafe masa, ya kwashi iyalinsa ya koma Kakau noma.

Sai da na daɗe ina jin kunyar kaina sannan na bi shi. Na same shi a cikin masara. Kafin in gama kame-kame ya ce, "Na je na ga wurin tun washegari. Na sani."

Na ce, "Baba, me ya hana ka tona ni?"

"Jira na yi ka faɗa da bakinka. Ni ka zo gaya wa? Su ne ba su sani ba."

Na koma na gaya wa Hajiya, na gaya wa duk wanda zai saurara. Wasu sun zage ni, yawanci ma sun manta da maganar. Baba kuwa tsufa ya riga ya cim masa, bai sake riƙe sifana ba har ya bar duniya.

Abin yana ci mini rai har yau. Duk ginin da na shiga, mutane na yaba ado, ni 'yar kwalba ja nake nema a sama.