Ranar da Buba Ya Ɓace Mini a Bakin Ruwa

Daga Hadeja

Ku na gida Damagaram kun sha tambayata ko aikin koyarwa a nan ƙasar Ingilishi babu shaƙatawa a cikinsa. To, ga labarin wata shaƙatawa da ta kusa tsayar mini da zuciya.

Gab da hutu aka gayyaci elementarenmu bikin wasanni a Kirikasamma, hedimasta ya ɗora mini 'yan aji huɗu. Duk iyaye sun yarda cikin sauƙi, ban da Jauro Sambo, mahaifin Buba, wanda tun farko sai da aka kai ruwa rana kafin ya bar ɗansa ya shiga boko. Ya ce mini amana ce ya ba ni, ko tuntuɓe yaron ya yi, ya gama makaranta, shanu na jiransa. Buba kuwa shi ne zakaran ajina.

Muna idar da sallar asuba muka hau motar gyaɗa. Ta yi ta jijjiga mu har inda hanya ta ƙare, direba ya ce daga nan sai ƙafa, gobe zai jira mu a wurin. Muka ratsa fadama, muka tsallake wata ƙorama da ruwanta ko idon sawu bai kai ba.

Kirikasamma

An karɓe mu hannu bibbiyu. Aka yi tsere da langa da jan igiya, yaranmu suka sha kaye a igiya, don 'ya'yan masunta ba a ja da su. Buba ya ɗauke mana kunya a tsere. Tuwon shinkafa da miyar kifi kuwa, na ci har na manta ni baƙo ne. A zauren maigari muka kwana.

Bakin ruwa

Da hantsi muka iso ƙoramar jiya, sai na ga kogi shimfiɗe, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Wani tsohon masunci, Baba Gaji, ya ce ruwan da aka zuba a ƙasar Kano ne ya iso, haka yake musu kowace shekara. Kwalekwale ya tafi kasuwa, sai dai gora. Mutum ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora, masunta su tura shi.

Ni ɗan tudu, da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na kwatarniya ba! Yaran Hadeja suka faɗa suna dariya. Ni kuwa na rungume gora, na rufe ido, babu addu'ar da ban karanto ba.

Da na taka ƙasa na duba yara, babu Buba. Na sake dubawa, babu shi. Na hau tambayar yaran. Wannan ya ce ya ga ya ƙi hawa gora, wancan ya ce ya ga ya bi gaɓa da gudu. Masunta suka koma ruwa suna lalube, ni ina bin bakin kogi ina ƙwala masa kira, wallahi har da hawaye.

Can gaba na tarar da wani garke da ya ƙetaro, shanu na kaɗe jiki. Ga Buba zaune cikin makiyaya, sharkaf, yana kurɓar nono.

“Malam, ai ban yarda da gora ba,” in ji shi. “Jelar saniya na riƙe. Haka muke ƙetarewa.”

Na ɗaga hannu zan make shi, sai na ji na rungume shi.

Komawa gida

Da la'asar muka shiga Hadeja. Labarin ruwa ya riga mu, iyaye sun cika ƙofar makaranta. Jauro Sambo na gefe, tun daga ruga ya tako. Ban ɓoye masa komai ba. Ko kallon ɗansa bai yi ba, kunyar ɗan fari.

Sai ya dube ni ya ce, “Boko bai mantar da shi saniya ba ke nan. Bayan hutu zan kawo maka shi da kaina.”

Allah na gode maka, Baba Gaji da mutanensa kuma Allah ya saka musu da alheri.