Lallen da ya kusa raba ni da ƙafata

Assalamu alaikum jama'ata. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar takalma ban amsa ba, ku yafe ni. Masu cewa Maman Ilham ta yi kuɗi ta daina kula mutane, ku ma na yafe muku. Ina can ina fafutukar tsira da ƙafata ta hagu.

Kun tuna hoton ƙarshe da na sa: ni da maigidana da 'yarmu Ilham a cikin kwalekwale a Zanzibar. Shekara tara muna Dubai, daga gida a Al Nahda sai shagon takalma a Naif, ba mu taɓa fita hutu ba sai wannan karon. Ilham ce ta nace sai mun je kallon kifi, irin wanda ake sa gilashi a ido da bututu a baki, mutum ya kifa fuska a ruwa yana shawagi.

Kafin tafiya na sha lalle, ja da baƙi, tun daga yatsu har idon sawu. Da mai kwalekwalen ya miƙo min takalmin roba na shiga ruwa, na ce a kai kasuwa. Awa uku na zauna ana zana min ƙafa, sannan in rufe ta da wannan mummunan abu? Ku duba fa, mai sayar da takalma ce ta ƙi takalmi.

Abin da na gani a ƙarƙashin ruwan kuwa, sai tasbihi. Kifaye ruwan ɗorawa, shuɗɗa, wasu da zane kamar atamfa. Daɗi ya ɗebe ni, na miƙe tsaye in kira Ilham ta zo ta gani, sai na taka dutsen murjani. Ashe murjanin nan da muke ratayawa a wuya, a gidansu kaifin reza gare shi.

'Yar yanka ce a gefen tafin ƙafa. Na ɗauraye, na ci gaba da harkata.

Kwana biyu da dawowarmu wurin ya fara zugi. Sai na yi abin da na taso na ga Innata tana yi: na kwaɓa garin lalle na shafe ciwon, na ɗaure, na tafi shago.

Abban Ilham ya ce, "Maman Ilham, ƙafar nan ta fi 'yar'uwarta girma fa."

Na ce, "Tsayuwar shago ce, Alhaji."

Washegari zazzaɓi ya kayar da ni. Ilham ta taɓa ƙafar ta janye hannu. Ta ce, "Mama, wuta ce wannan. Yalla, tashi mu tafi asibiti. Khalas, magana ta ƙare, ba na son jin komai."

Likitar da ta karɓe ni 'yar Sudan ce, ta san lalle sarai. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙafar, aka lakaci ruwan ciwon aka kai awo. Sakamako biyu ya fito: ƙwayoyin cuta na teku sun shiga nama, kuma ina da ciwon suga ban sani ba.

Ta ce, "Habibti, 'yar'uwata, fatarki ta daɗe tana yin ja, lallen ne ya ɓoye miki." Ta ɗauko alƙalamin maka ta ja layi a ƙwaurina, sama da idon sawu. "In jan ya haye wannan layin, za mu yi maganar yanke ƙafa."

Na tsorata, wallahi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na yi kuka a gaban 'yata, abin da ba na yi.

Daga nan sai ƙarin ruwa da magani ta jijiya, sukar yatsa don auna suga, da wankin ciwo wanda ba na yi wa maƙiyina fatansa. Sau biyu aka shiga da ni tiyata aka kankare naman da ya ruɓe. Inshora ta ɗauki nata, sauran ya cinye jarin sabon kaya, ban kuma damu ba.

Kullum da safe, kafin in gaida kowa, layin nan nake dubawa. A rana ta huɗu tsakaninsa da jan bai fi faɗin yatsa ɗaya ba. A ta biyar ya tsaya cak. A ta bakwai ya fara ja da baya.

Likita ta duba ta yi murmushi. "Mabruk, barka da arziki. Ƙafarki taki ce."

Alhaji, mutumin da ba a ganin haƙorinsa a bainar jama'a, ya faɗi ya yi sujada a tsakar ɗakin, nas-nas suna kallo. Ni kuwa guɗa na rangaɗa, har mara lafiyar gadon kusa ta firgita.

Aka yanko fata daga cinyata aka rufe wurin. Bayan kwana goma sha tara aka sallame ni da sanda.

Godiya ta tabbata ga Allah. Na gode wa Alhaji da Ilham, da likitar nan, da maƙwabciyata a Naif, Hajiya 'yar Maraɗi, wadda ta riƙe min shago kamar nata. Allah Ya saka muku.

'Yan'uwa mata, ku je ku ga teku, yana da kyau, ni ma zan koma. Amma ku sa takalmin ruwan nan komai muninsa. In dutse ya yanke ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ku nuna wa likita, kada ku shafa lalle ko wani abu. Kuma ku auna suga ko kuna jin garau.

Wata huɗu a kan kujera nake sallah. Yau na ture ta gefe, na yi azahar a tsaye, raka'a huɗu cif, a kan ƙafafuna biyu. Alhamdulillah.