Muryata a Lambar Alhaji

Ban yi boko ba, jikokina. Faɗa nake ana rubutawa, ku kuma ku saurara.

Ni tsohuwa ce a Bukkuyum, daddawa nake yi. Mijina ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, gida ya zama daga ni sai kaji. Wata ranar har rana ta faɗi ban buɗe baki da kowa ba.

To akwai wani alhaji a Gummi mai sayen wake da gero. Ɗansa ya dawo daga karatu ya sa masa waya irin ta intanet. Lamba ɗaya ce, ba ta da katin sim, ba ta zaune cikin wayar kowa. In an kira sai ta yi ƙara a shagunansa na Gummi da Anka da Bukkuyum gaba ɗaya. In sabis ya ɗauke ko wuta ta tafi, lamba ta mutu, manomi ya yi ta kira shiru.

Sale, ɗan ƙanwata, magidanci ne da iyalinsa, ya yi wa Alhaji aiki har aka sallame shi. An karɓe makullin shago, amma ba wanda ya tuna da canja lambar sirrin wayar. Ya zo mini da waya mai ɗauke da lambar Alhaji ya ce, “Inna, ke kin iya gaisuwa. Mutanen Alhaji za ki riƙa gaishewa, shi ke nan.”

Na gaishe su. Na san kakannin kowa, na san wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa. Suna ganin lambar Alhaji, suna jin muryar tsohuwa, sai su saki jiki. Ni ma na saki. Na fara tashi da safe ina jiran Sale.

Sannan ya ƙara mini magana ɗaya: in ce Alhaji ya turo mota, a loda wake, sai ranar kasuwa a zo Gummi a daidaita. Na farko ban gane ba. Na biyu na gane sarai motar ta Sale ce, ba ta Alhaji ba, amma ban ajiye wayar ba. Mai shakka in ya sake kira don ya tabbatar, ko ya tarar layin shago a mace, ko kiran ya faɗo hannuna ni in ce masa haka ne.

Ana nan, ana nan, sai layi ya kai kan Kulu ta Anka. Tare muka yi ɗibar ruwa muna 'yan mata, ita kaɗai ta rage mini cikin sa'o'ina. Marayun ɗanta take riƙo da waken gonarta.

Ta ce, “Ke ce, mai bakin tsiya? Ashe ba ki mutu ba?”

Na ce, “Ke nike jira ki riga ni.”

Muka yi dariya, muka tuno matattu, har Sale ya fara buga ƙafa. Yana kallona, na faɗi maganar motar. Ta ce, “Tunda ke ce, a zo a ɗauka.”

Da manoma suka cika ƙofar Alhaji neman kuɗin wakensu, ya nemi kamfanin masu wayar. Ba su da ofis a Gummi, ba su da shi a Gusau, sai wata murya da Turanci tana cewa a jira. Kafin su amsa masa, mutane sun daina kai masa ko tiya ɗaya. Da suka amsa kuwa, ashe duk abin da aka faɗa a layin yana ajiye wurinsu. Sale ya tsere. Ni aka kama.

A kotu aka kunna muryata, da dariyar da komai. Kulu na zaune, ba ta ɗaga kai ba. A gidan yari ba wanda ya zo duba ni, kuma ban ga laifin kowa ba.

Da aka sake ni ban wuce gida ba, motar Anka na shiga. Kulu ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa. Na roƙi gafara. Ta ce, “Waken na yafe tun tuni, yaran ba su mutu ba. Abu guda nike son ji. Hirar nan da munka yi, tana cikin aikin?”

Na ce wallahi hirar gaskiya ce.

Ta ce, “Da kin ce ƙarya ce, da ya fi mini sauƙi.” Ta raka ni bakin zaure. Ba ta ce in dawo ba.

Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Ku 'yan kasuwa, in kun sallami mutum, ku rufe masa wayar kamar yadda kuke rufe shago, kuma ku san ƙofar da za ku buga ranar da ta lalace. Ku manoma, kada ku ba lamba amanar buhunku, ku taka ku ga mutum. Ku kuma yara, in kuna da tsohuwa a gida, ku leƙa ku gaishe ta kafin wani ya riga ku.