Yaɓen da Muka Yi wa Baƙin Dutse

Ranar Talata ce, gero ya fara fid da kai. Na tashi lafiya, na sha koko, na yi faɗa da matata Uwani a kan sukari. Shekara talatin da huɗu muna wannan shari'a, ba a taɓa yanke hukunci ba. Ƙafarta ta dama ta kumbura tun bazara, ba ta iya taka ta, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Ƙarfe bakwai na tafi gona. Ina da agogo kuma na iya duba shi, don na yi wata biyar a ajin yaƙi da jahilci kafin a tashi canjaras.

Sai na ɗan mai da ku rani, ku san inda aka kashe mu tun ruwa bai zo ba.

Ba a daɗe da yanke mu daga Kano ba, sabuwar jiha ta ce za ta sabunta taswirar wuraren da ambaliya ke ci. Jiha ta kawo masu awo, ƙaramar hukuma ta nuna hanya. Wai haɗin gwiwa. Jiha ba ta faɗi abin da take zuwa gani ba, ƙaramar hukuma ba ta tambaya ba. Sai ta turo ɗan aike a kan babur: manyan baƙi na tafe daga Dutse, a share gari, a yaɓe bango, kada a ba da kunya.

A garinmu, Unguwar Madaci, kowane tsohon bango yana da shatin ruwa. Na masallaci ya kai ƙirjina, tun ambaliyar zamanin babana. Ni ne maginin gari. Kwana shida na yi ina shafe shatin nan da laka, na bi da farar ƙasa. Aiki ya yi kyau, Allah wadaran hannuna.

Masu awo suka zo su uku, suna ta leƙen bango, mu muna tsammanin yaba aiki suke. Babbansu ya tambayi mai unguwa ko ruwa na damun mu. Mai unguwa ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, sai godiya." Wa ke tarar baƙo da kuka? Ina tsaye a wurin, har da gyaɗa kai. Suka ci zabbi, suka rubuta mu a tudu.

To, Talata. Ƙarfe goma da kwata na ji ruri daga yamma, kamar tirela a kan gada. Ba mu da gada. Sama garau, ko yayyafi babu. Wani Bafulatani ya wuce ni a guje, ba sanda, ba shanu.

"Ruwa! Kar ka nufi gari!"

Na nufi gari. Goma da rabi ina bakin kasuwa, ruwa a gwiwa, ja wur, ɗauke da kara da kaji. Mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Sha ɗaya saura kwata bangon masallaci ya tafi. Bangon ƙasa ba faɗuwa yake yi ba, zaunawa yake, tim, sau ɗaya.

Na tarar da Uwani a kan gado, ruwa ya taɓa katifa. Na goya ta.

"Malam, sauke ni. Kai da ko buhun gero ba ka iya ɗauka."

"Riƙe wuyana ki yi shiru!"

Ta riƙe. Muka fita ta bayan gida, ruwa a ƙugu, ba a ganin ƙasa. Na yi taku kamar hamsin. Sai ƙafata ta rasa wurin sauka. Ramin da muka ɗebi ƙasar yaɓe ne, ni na haƙa shi, ni na manta da shi. Na nutse. Da na taso, bayana ba nauyi. Sai na ji samarin gari suna ihu.

"Kama igiya, Baba!"

"Ku riƙe shi, zai koma!"

Mutum uku suka ja ni. Na ciji ɗaya, har yau ban nemi gafararsa ba.

Muka yi gabas, muna riƙe da rigunan juna, muka fita hanyar Buji. Ƙarfe huɗu muka isa wata firamare a kan tudu na gaskiya. Can muka tarar da mutanen ƙauyukan da taswira ta sa a kwari, a bushe, da awakinsu da gadajensu. Tun Lahadi aka aika musu za a saki ruwan dam, su tashi. Mu 'yan tudu ba a ɓata mana takarda ba.

Wani ma'aikaci ya shimfiɗa taswirar a kan benci, ya nuna mana da biro cewa ruwa ba zai iya zuwa garinmu ba. Rigata na ɗiga a kan takalminsa. Na ce ya je ya nuna wa ruwan, da alama shi ma bai gama makaranta ba.

Ranar Juma'a ruwa ya janye. Aka kira sunaye gida gida, mutum tara ba su amsa ba. Mun samu takwas, muka yi musu sutura a maƙabartar aro, don tamu tana cikin taɓo. Uwani ce ta tara. Na bi bakin kogi kwana goma sha ɗaya, sannan 'ya'yana suka ɓoye mini takalma.