Abin da Ya Kai Maman Lawali Tibiri a Ƙasa

Duk Sabon Gari babu wanda bai san Maman Lawali mai karnuka ba. Iyalinsa na cikin Maraɗi, amma rabin rayuwarsa a Jiratawa ya yi ta, yana gadin lambunan rani shi da karnukansa. Dogo ne siriri, da ɗan gemu kamar na bunsuru. Ko ƙofar lakkal, wato makarantar boko, bai taɓa leƙawa ba, amma in ya fara bayanin idon kare sai ka rantse likita ne.

Ran Juma'a yake shigowa gari. Lokacin an buɗe jam'iyyu, majalisar ƙofar gida kowa na kumfar baki kan ɗan takararsa. Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce:

"Ku bar ni da siyasarku. Ni ido nika dubawa. Idon mutum kamar fara yake, sai tsalle nan da can. Kare ko, sai ya aje ido bisa huskarka ya bar shi nan, sannan ya dubi hannunka. Amma ran da ya ci maka kaza, sai ya kauda kai yana leƙenka ta gefe, farin idon ya fito kamar jinjirin wata. Duk mai rai haka yake."

Tanimu mai shayi ya ce, "Har da mutum?"

"Mutum ma ya fi sauƙi. Shi farin idonai a waje yake."

To, Maman Lawali na da ɗiya, Fadila, tela ce, keken ɗinkinta a zaure. Akwai kuma wani ɗan kabu-kabu daga Tibiri, Ilyasu, mai ɗauko kayan lambu daga Jiratawa zuwa kasuwa. Da can in ya ga tsohon, daga bisa babur yake gaishe shi, har ya tsokane shi da tambayar lafiyar karnuka. Sai rana ɗaya ya sake hali. Yana hango Maman Lawali zai kashe babur, ya sauka, ya durƙusa, ido a ƙasa, sai ɗan leƙe ta gefe.

Unguwa duk ta san dalili. Mutumin da kullum yake kawo ɗinkin rigar da ba ta yage ba, ai ba sai an yi duba ba. Tsahara, matar gidan, ta sani. Maman Lawali ne kawai bai sani ba, yana can da karnuka. Abin da ya ce a ransa shi ne, yaron nan ya ci kaza, saura a san ta wa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, taki ya zama kamar zinariya. Sai buhu guda ya ɓace daga rumfar Alhaji Idirisa mai lambu, wadda Maman Lawali ke gadi, karnuka kuma ba su yi haushi ba. Ya ce lalle wanda suka sani ne. Ya shigo gari da wuta a kansa, ya tarar da majalisa cike, ga Ilyasu ya zo wucewa ya durƙusa kamar kullum.

"Kai, ɗago ka dube ni."

Ilyasu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce ka dube ni. Ina buhun takin Alhaji Idirisa?"

"Baba, wane buhu?"

"Kun gani, jama'a? Ko idona ba ya iya kallo. Ɓarawo ke nan, ni ba a ɓoye mini."

Ya juya yana jiran a ce masa gwani. Sai Tanimu ya aje buta, ya ce a hankali, "Maman, a garinku wa ya taɓa kallon idon surukinai?"

Ilyasu ya miƙe. Bai tada babur ba, tura shi ya yi har ya sha kwana.

A cikin gida Tsahara ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Jibi iyayenai za su kawo goro. Yau nika shirin gaya maka." Kashegari kuma aka ji Alhaji Idirisa da kansa ya ɗauki buhun ya kai wani lambunsa, bai ga dalilin neman izinin mai gadi ba.

Jibi ta zo ta wuce, babu wanda ya zo daga Tibiri. Keken ɗinki ya yi shiru a zaure. Fadila ba ta yi kuka gabansa ba. Ta kawo masa tuwo, ta durƙusa ta aje kamar yadda ta saba, shi kuma ya kasa kai loma. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Uban mace ba ya zuwa ƙofar masu neman aure, kowa ya san wannan. Maman Lawali ya sa rigar sallarsa ya kama hanyar Tibiri a ƙasa, don duk ɗan kabu-kabun da zai tsayar abokin Ilyasu ne. Suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suna rage gudu su dube shi, su ƙara wuta.

Baffan Ilyasu, wani tsoho mai suna Jibo, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya bari ya sha.

"Uban ɗiya a zaurenmu? To, dimokuraɗiyya ta zo da gaske."

"Haƙuri na zo in bayar, Malam Jibo. Na yi ma yaro ƙazafi."

"A ina ka yi shi?"

"A majalisa."

"To a zaure za ka wanke shi? Mu ba mu riƙe ka ba. Amma yaron nan da sunanai yake cin abinci. Wa zai ɗora ma ɓarawo kayan lambu? Inda ka zubar, can za ka kwashe."

Juma'ar da ta biyo, majalisa ta cika fiye da ranar zaɓe, har da waɗanda ba su taɓa zama a wurin ba. Maman Lawali ya miƙe, ya cire hula, ya riƙe ta da hannu biyu. Muryar da ke kiran kare daga wancan gefen gulbi ta koma kamar ta sauro.

"Ilyasu bai ɗauki komi ba. Ni na yi ƙarya."

Tanimu ya kara hannu a kunne. "Ba mu ji ba, Maman. Na baya na tambaya."

Ya maimaita da ƙarfi, gumi na bin gemunsa. Wani ya so ya yi dariya, wani dattijo ya harare shi.

Mako na zagayowa mutanen Tibiri suka iso da goro, ƙanen Maman Lawali ya karɓe su a zaure, aka sa rana bayan girbin alkama. Shi kuwa uban ɗiyar yana ƙuryar ɗaki. Da Tsahara ta kai masa nasa rabon, sai ya ce ta aje, haƙori ke masa ciwo.